Dashen ɓargo ga mai kansar kaluluwa: daga haɗa dosiye a Maradi zuwa dawowa gida

Idan aka ce wa mai kansar kaluluwa lokacin dashen ɓargo ya yi, abin da dangi ke fara tambaya shi ne inda za a tsaga, da wanda zai ba da ƙashinsa. Ba a tsaga ko'ina, ba a kuma fasa ƙashin kowa. Mu da muke haɗa wa marasa lafiya takardu a nan Maradi, mu raka wasu, mu karɓe su in sun dawo, mun sha ganin gida ya tashi tsaye kan shirin ranar "aiki", alhali wahalar tana gaban wannan rana da bayanta.

Kansar kaluluwa, wadda likitoci ke kira limfoma, tana jin shimiyo, wato maganin da ke kashe ƙwayoyin ciwon, sosai, da yawa ma da maganin farko suke rabuwa da ita. Amma akwai wanda takan dawo masa, akwai wanda tun farko ba ta tafi duka ba. Irin wannan yana buƙatar shimiyon da ya ninka na farko ƙarfi, wanda zai ƙone ciwon ya haɗa da ɓargon da ke ƙera jini. Don haka kafin a ba shi, sai a ɗebi ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin shi marar lafiyan, a daskarar, a ajiye, kamar yadda manomi ke ware irin gero ya rataye kafin ya sa wa saura wuta. Shimiyon ne ke kashe ciwon. Ƙwayoyin irin da ake maido wa mutum, aikinsu su sake tayar da jini. Wannan dashe na mutum da ƙwayoyin kansa shi aka fi yi wa masu limfoma, kuma shi muke magana a kai. Na biyun, wanda ake karɓo ƙwayoyin daga shaƙiƙi ko wani da jininsu ya dace, ya fi haɗari nesa ba kusa ba, galibi sai na farkon ya gaza ake tayar da maganarsa.

Ba kowa ake yi wa ba. Binciken da ake kira PARMA, wanda ya fito a 1995, ya duba masu limfoma mai saurin yaɗuwa da ta dawo musu: cikin waɗanda aka yi wa dashe, kashi 46 cikin 100 sun kai shekara biyar ciwon bai sake tasowa ba, waɗanda suka tsaya a shimiyo na yau da kullum kuwa kashi 12. Sai dai duk waɗanda aka kwatanta ɗin mutane ne da ciwonsu ya ja baya da aka ba su shimiyo na biyu. Shi ya sa ake fara ba da zagaye biyu ko uku na wani haɗi daban, kamar R-DHAP ko R-ICE ko GDP, mako uku-uku tsakani, sannan a ɗauki hoton PET, wanda ke nuna inda ciwon ke raye a jiki. In kaluluwar ba ta motsa ba, dashe ba zai yi abin da ake fata ba. Cibiyar da ta ce a turo kuɗi ba tare da ta nemi ganin wannan hoto ba, a yi hattara da ita.

Dosiye da tafiya

Mutanenmu fita suke yi: Tunus, Kasabalanka, Aljas, Alƙahira, Turkiyya, Indiya. Cibiyar dashen ɓargo ta ƙasa da ke Tunus tana aiki tun 1998. A Najeriya an fara dashe a asibitin koyarwa na birnin Benin a 2011, amma kan sikila aka fara, don haka duk inda aka nufa a tambaya ƙarara ko suna yi wa masu limfoma, kuma mutum nawa suke yi wa a shekara.

Abin da ya fi jinkirta mutane shi ne naman biyopsi. Ana tafiya da takardar sakamako kawai, a isa can a ce suna son ɗan ƙullin kakin da aka adana naman a ciki, da gilasan da aka duba a madubin likita, don su tabbatar da nau'in ciwon da idonsu. In babu, sai a sake yanka, a zauna makonni a ɗakin haya ana cin kuɗin magani. A je ɗakin binciken da ya yi aikin, a Yamai ne ko a Kano, a karɓo su kafin a sayi tikiti. A haɗa da hotunan sikana a faifai, da jerin duk maganin shimiyon da aka taɓa sha, da jimillar abin da ya shiga jiki. Wannan jimilla tana da muhimmanci musamman ga doksorubisin, jan ruwan nan da marasa lafiya ba sa mantawa da shi, domin taruwa yake yi yana raunana zuciya, da kuma bilewomisin mai taɓa huhu. Dosiyen Faransanci yana wucewa a Tunus da Maroko da Aljeriya. Indiya da Turkiyya sai an fassara shi zuwa Ingilishi.

Batun kuɗi, a nemi ƙiyasi a rubuce, a kuma tambayi abin da ba ya ciki. Yawanci abin da ke fasa lissafi shi ne kwanakin ɗakin kulawa ta gaggawa, maganin naman gwari, jinin da za a ƙara, da allurar pleriksafor, mai taimakawa wajen ɗibar ƙwayoyin iri, in ta kama. A yi shirin zaman wata biyu zuwa uku, bizar ta rufe wannan lokaci da ɗan rara.

Sai mai jinya. A gidajenmu girma ake bi: a ce Baba ƙarami ne zai raka, ko Inna, don ita ce uwa. Ɗakin dashe ba ya son haka. Ana son mutum ɗaya mai ƙoshin lafiya, wanda ba ya tari, ya iya karanta lamba a ma'aunin zafi, ya iya rubuta abin da aka sha da abin da aka fitar, yana iya kwana ido biyu, kuma marar lafiyan ba ya jin kunyar ya gan shi cikin zawo. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya kamata a fara dubawa. Suruki ko suruka ba su dace ba ko da sun fi kowa ilimi.

Awon da ake yi kafin a fara

Za a duba ƙarfin zuciya da na'urar eko, a sa mutum ya hura iska a bututu don auna huhu, a duba ƙoda da hanta, a gwada sida. Mai sida da ke shan maganinsa har ƙwayar ta kwanta ana yi masa dashe. Amma akwai abubuwa huɗu da suka fi shafar mutumin yankinmu, waɗanda likitan waje ba lallai su zo masa a rai ba sai an tuna masa.

Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasar nan, kuma da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba. Gwajin HBsAg kaɗai bai isa ba, a haɗa da anti-HBc, domin wanda ya taɓa kamuwa ya warke ƙwayar tana nan kwance a hantarsa. Rituksimab, ɗaya daga cikin magungunan limfoma, da shimiyo mai ƙarfi suna tayar da ita, ta kan kuma tashi ne bayan an gama komai mutum ya koma gida, idanu su yi rawaya, a ce shawara ce a kama jiƙe-jiƙe. Maganin kariya ƙwaya ɗaya ce a rana, tenofobir ko entekabir, ana farawa kafin shimiyo, a ci gaba aƙalla shekara guda bayan an gama. Tsayar da ita ba da izinin likita ba babban haɗari ne.

Na biyu tarin fuka, wanda shi ma kwanciya yake yi ya jira garkuwar jiki ta faɗi. Na uku wata tsutsar ciki da ke shiga ta tafin ƙafa, tana iya shekaru ba ta nuna kanta ba, in garkuwa ta faɗi ta bazu har huhu; ibamektin ke kashe ta, ana ba da shi tun kafin a fara. Na huɗu sikila. Allurar da ake tayar da ƙwayoyin iri da ita tana iya jefa mai SS ko SC cikin mummunan hali, mai AS ma ya faɗa a rubuta.

Haƙori mai rami a cike shi ko a cire shi kamar mako biyu kafin shimiyon dashe. Ƙaramin ruɓin da mutum ke danne wa da kanumfari shi ne zai zama zazzaɓin da ke kai mutum ɗakin gaggawa.

Akwai maganar da kunya ke hana a yi, a zo ana da-na-sani: haihuwa. Wannan shimiyo yakan kashe maniyyi, sau da yawa har abada, mata kuma yakan ɗauke musu al'ada da wuri, musamman wadda ta haura talatin. Namiji yana iya ajiye maniyyi a daskare, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne kafin shimiyo na biyu, ba daren dashe ba. Na mace ya fi wuya, yana cin kamar mako biyu na allurai kafin a ɗebi ƙwai. Ko za a yi ko ba za a yi ba, miji da mata su ji wannan bayani tare daga bakin likita. Mun ga inda rashin faɗa tun farko ya sa aka ɗora wa mace laifin da ba nata ba.

Ɗibar iri

Ƙwayoyin iri a cikin ɓargo suke zaune, sai an koro su cikin jini. Ana yin haka da allurar filgrastim a ƙarƙashin fatar ciki, maikirogiram 10 kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, kwana huɗu zuwa biyar; wasu cibiyoyi suna haɗa ta da zagayen shimiyo na ƙarshe, su jira jini ya faɗi ya fara tashi. Allurar a firiji take zama, tsakanin digiri 2 da 8, ba a cikin gidan ƙanƙara ba. Tana sa ciwon ƙugu da ƙirji da cinyoyi, wani har ya kasa barci, wannan ɓargo ne ke cika. Ciwon da ba a jira da shi shi ne na ƙarƙashin haƙarƙarin hagu ko kafaɗar hagu, domin saifa na iya kumbura.

Kowace safiya ana ƙirga ƙwayoyin da ake kira CD34 a jini. In sun kai 10 zuwa 20 a maikirolita, sai a hau na'ura. Jini yana fita ta bututu ɗaya, na'urar ta juya shi ta tsame farin sashin da ake so, sauran ya koma ta ɗaya bututun. Awa uku zuwa biyar mutum yana kwance, wani rana ɗaya ta isa, wani sai uku. Sinadarin da ke hana jinin daskarewa a cikin na'urar yana rage kalsiyam, sai leɓe da ƴan yatsu su fara tsirawa kamar ana tsikara da allura. A faɗa nan take, za su rage gudu su ƙara kalsiyam. Wanda ya daure ya yi shiru, hannunsa ne zai murɗe.

Mafi ƙarancin abin da ake nema shi ne ƙwaya miliyan 2 kan kowane kilo, an fi son miliyan 4 zuwa 5. Wanda ya sha shimiyo da yawa ko aka gasa masa ƙugu da haske ɓargonsa kan yi rowa. Nan ne ake ƙara pleriksafor, wadda ake yi kamar awa 11 kafin hawa na'ura. Abin da aka samu ana gauraya shi da wani ruwa mai suna DMSO don kada sanyi ya farfasa ƙwayoyin, a ajiye a tukunyar nitirojin mai sanyin da ya kai digiri 196 ƙasa da sifili.

Kwanakin da ake ƙirgawa baya

Ana sa kateta a babbar jijiyar ƙirji ko ta wuya, ta nan komai zai riƙa shiga da fita. Daga ranar da aka sa ta ba ta jiƙewa, ba a taɓa bakinta da hannu. Mai son alwala ya yi a hankali, in ya gagara ya yi taimama. A tafi da ɗan dutse mai santsi wanda za a iya wankewa da sabulu, domin ba za a bari a shiga da ƙasa ɗakin ba.

Haɗin da aka fi ba masu limfoma shi ne BEAM. A tsarin da aka fi bi, rana ta 6 kafin dashe ana sa karmustin, miligiram 300 kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki. Da ɗan barasa na magani ake narkar da shi, shi ya sa fuska kan yi zafi, kai ya yi nauyi. Wanda abin zai dame shi ya tambayi malaminsa tun yana gida. Daga rana ta 5 zuwa ta 2 etoposid da sitarabin. Ranar jajibiri melfalan, miligiram 140 kan kowace murabba'in mita. Cibiyoyi suna ɗan bambanta a kwana da awo.

Melfalan shi ne mai cin baki. Dabarar da ke rage ɓarnarsa ba ta da tsada: ƙanƙara. Ana fara tsotsa kamar minti 30 kafin a sa maganin, a ci gaba yana shiga, a ƙara bayan ya ƙare gwargwadon yadda cibiyar ta tsara. Sanyin yana matse jijiyoyin baki, maganin bai cika isa wurin ba. Abin yana gundura. Bayan minti ashirin haƙora sun ɗauka, harshe ya mutu, mutum ya fara ture kofin. Aikin mai jinya a wannan awa shi ne ya zauna a gefen gado yana miƙa ƙanƙara ɗaya bayan ɗaya, kada bakin ya yi ɗumi.

Ranar sifili, bayan aƙalla awa 24 da melfalan, ana turo tukunyar har ƙofar ɗaki tana hayaƙin sanyi. A zaro jaka ƴar lafeta, ƙanƙararriya, a karanta sunan marar lafiya da lambarsa da ƙarfi mutum biyu su tabbatar, a tsoma ta a ruwa mai ɗumin digiri 37. Cikin ƴan mintuna ta narke ta koma ruwa ja-ja mai kauri, a rataye, ta shige ta kateta cikin minti goma zuwa ashirin. In jakunkunan da yawa, haka za a bi su ɗaya-ɗaya. Marar lafiya yakan ji maƙoshinsa yana ƙaiƙayi, wani ɗanɗano ya cika masa baki, ɗakin ya ɗauki wari kamar na tafarnuwa wanda zai yi kwana ɗaya ko biyu yana fita a numfashinsa; DMSO ne. Tsotsar alewa mai tsami tana taimakawa. Fitsari na iya yin ja ranar. Dangi suna bugo waya daga Maradi suna tambaya ko an fito daga tiyata, shi kuwa yana zaune a kan gado.

Kwana goman da suka fi wuya

Kwana biyu-uku na farko mutum yakan ji dama-dama, har ya ce ashe abin bai kai yadda ake faɗa ba. Daga nan tsohon jini ya ƙare, sabo bai fito ba. Fararen ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta, nitirofil, suna sauka har na'ura ta kasa ƙirga su. Tsakanin kwana na 5 da na 10 baki da maƙoshi suna salewa, haɗiyar yawu ta zama aiki, zawo ya sauko, gashi ya zube a kan matashi.

A nan ne tarbiyyarmu take cutar da mu. An koya mana in an ce "Ya jiki?" a ce "Da sauƙi." Likita ya shigo zagaye ya tambaya, Alhaji ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi, alhali ya yi zawo sau takwas da dare, duburarsa tana zafi, ya kuma ji sanyi ya ratsa shi bayan an wanke kateta. Godiya ga Allah ba ta hana faɗin gaskiyar ciwo. Mukan ce wa mai jinya ya bari a gama gaisuwa, sannan ya buɗe littafinsa ya karanta: zawo sau nawa, amai sau nawa, kofi nawa aka sha, zafin jiki nawa da ƙarfe nawa.

Zazzaɓi shi ne abin da ake tsaro dare da rana. Digiri 38.3 sau ɗaya, ko 38 da ya tsaya awa guda, ko rawar ɗari ko da ma'auni bai hau ba: a kira ma'aikatan jinya nan take. Za su ɗebi jini don gwajin gano ƙwayar cuta, su sa maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya, ba sa jiran sakamako. Dalili shi ne jikin da ba shi da nitirofil ba ya iya killace cuta a wuri ɗaya, ƙwayar da ta tsallaka daga hanjin da ya sale tana iya kayar da hawan jini cikin ƴan awoyi. Kusan kowa yana yin wannan zazzaɓi, yawanci kuma yana wucewa in an tare shi da wuri; waɗanda dashen kansa ke kashewa ba su kai 5 cikin 100 ba. Kada a sha farasitamol kafin a auna, yana ɓoye zazzaɓin. Asfirin, ibufurofen da diklofenak an hana su gaba ɗaya. Ba a sa komai ta dubura, ko ma'auni ko magani.

Baki ana kurkure shi sau huɗu zuwa shida a rana da ruwan da aka tafasa lita ɗaya, ƙaramin cokali na gishiri, ƙaramin cokali na bikarbonat na farmasi. Ba kanwa ba. Buroshi mai laushi ƙwarai. Asuwaki a ajiye shi sai jini ya dawo, yana fasa dasashi. In ciwon ya hana shan ruwa a karɓi morfin ba tare da fargaba ba, na ƴan kwanaki ne, in ta kama a ciyar da mutum ta jijiya. Zawo kuma ba a tsayar da shi sai an gwada bayan gida an tabbatar ba wata ƙwaya ce ta kawo shi ba. Tsarki da ruwa mai ɗumi, a dafa da tsumma mai laushi a busar, a shafa man kariya.

Falaket, ƙwayoyin da ke tsayar da jini, in sun sauka ƙasa da 10,000 ana ƙarawa, jan jini kuma in ya sauka wajen giram 7 ko 8. A wannan hali faɗuwa a banɗaki na iya zama zubar jini a ka, don haka ba a tashi da dare sai da mai riƙewa, salla a zaune ko a kwance. Duk da haka a riƙa sauka daga gado kullum, ko zagaya ɗaki ne sau biyar. Wanda ya kwanta ɗungurungum huhunsa ne ke cika.

Tsakanin kwana na 10 da na 14 lambar nitirofil takan motsa: 100, 300, 700. In ta wuce 500 kwana uku a jere, dashe ya kama. Baki yana warkewa da sauri abin mamaki daga nan. Wasu sukan yi zazzaɓi da ƙuraje a daidai wannan gaɓa ba tare da wata cuta ba, kortizon ke kwantar da shi. Falaket sun fi jinkiri. Jimillar kwanciya mako uku zuwa huɗu ce, sannan a zauna kusa da asibitin wasu makonni ana zuwa awo.

Maradi

Kafin a hau jirgi a tabbatar akwai likita a nan da ya san da zuwan mutum, a Asibitin Referans ne ko a asibitin jiha, CHR, wanda ya karanta takardar sallama, kuma akwai lambar da za a same shi da dare. Yamai kilomita 660 ce. Mai zazzaɓi ba ya hawa bas ya ce sai ya isa can. Allurar farko a Maradi za a yi ta. Kuma kada a ce ai maleriya ce a saya magani a bakin titi. Tana iya zama ita, musamman daga Yuli zuwa Oktoba, amma a yi gwajinta tare da ƙirgar jini a zama ɗaya. Gidan sauro kowane dare, rani da damina.

Dubiya sai an yi mata shamaki, kuma ba marar lafiyan ne zai yi ba, babban gida ne zai tsaya a zaure ya ce, "Ku yi haƙuri, likita ya hana musabaha, ku gaishe shi daga nan." Wata uku na farko ba kasuwa, ba biki, ba sahun Juma'a. Mai mura, mai tari, yaro mai ƙyanda ko ƙarambau ba sa shiga. In masu rigakafin shan inna sun zo gida-gida a yi wa yara. In ɗigo aka ba su a baki, shi marar lafiyan ya nisanci kashinsu da goyonsu har kamar mako shida.

Ƙura ita ce abin da ba a ɗauka da muhimmanci. Akwai naman gwari da ke zaune a ƙasa, da ruɓaɓɓiyar harawa, da ƙaiƙayi, da tsohon rumbu, da buhunan gyaɗa, wanda in ya shiga huhun mai raunin garkuwa maganinsa tsada da wuya. Ba shiga garke, ba share akurkin kaji ko ɗakin tantabaru, ba tsayawa wurin sussuka ko inda ake rushe ginin ƙasa. Ɗakinsa a yayyafa ruwa a goge da jabel lokacin da ba ya ciki. In hunturu ya busa, ko zai hau kabu-kabu zuwa asibiti, takunkumi mai lamba FFP2 ne ke tare ƙurar, ba na yadi ba.

Abinci duk wanda ya dahu ya fito da zafi halal ne gare shi: tuwo, miya, shinkafa, nama da ƙwai da suka nuna sosai. Kwanonsa daban, moɗarsa daban. Ruwa a tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka. Nono sai an tafasa madarar kafin a kwantar, fura a dama ta a gida. Kilishi, tsiren bakin hanya, latas, kwaɗon da ya wuni a tire, zoɓon leda da ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba, a haƙura da su wata uku. Yaji a zuba shi a tukunya, ba a barbaɗa ɗanye ba. Mangwaro, lemo da ayaba a wanke a ɓare. Ɗumame sai ya yi tururi har tsakiya. Da zafin Afrilu da Mayu a sha lita biyu zuwa uku, domin ƙodar da ta sha shimiyo ba ta jure ƙishirwa, kuma saboda haka ne likitoci kan hana azumin da ya fara riskar mutum.

Sassaƙe, jiƙo da tsimi a ajiye su, hanta da ƙoda ba su gama farfaɗowa ba. Wanzami ma haka: ba ƙaho, ba tsaga, ba aska.

Magungunan kariya biyu ne ake yawan yankewa don mutum ya ji ƙarfi. Asiklobir, wata shida zuwa shekara, yana hana ƙurajen nan masu raɗaɗi da ke fitowa a gefe ɗaya na jiki kamar ɗamara. Kotirimoksazol, wato Bactrim, kamar wata shida, yana tare wani ciwon huhu. In ƙarin jini ya kama a watannin farko, jinin da aka haska ake so, wanda aka kashe fararen ƙwayoyinsa, domin in suna raye suna iya far wa jikin wanda aka ƙara wa. Jinin ɗan'uwa na jini, wanda mu muka fi amincewa da shi, shi ya fi wannan haɗari. Mai nau'in limfomar da ake kira Hodgkin wannan sharaɗi yana kansa har tsawon rai, ya riƙa yawo da kati.

Gajiya tana kai wata uku zuwa shekara. Mutum ya fito fes, gashi ya fara tsirowa, mutane su ce ai ya warke me ya sa yake kwance. Ga rashin barci, ga saurin fushi, ga faɗuwar gaba duk lokacin da ya shafa wuyansa. Tafiyar minti goma da sassafe, ana ƙarawa kowane mako, ta fi kowane maganin ƙarfi. Kwanciyar aure sai falaket sun wuce 50,000, da kwaroron roba a farko, kuma kada a ɗauka ciki ba zai shiga ba.

Wajen kwana 100 ake sake hoton PET. Wasu masu Hodgkin da ake tsoron ta dawo musu ana ci gaba da ba su wani magani, burentuksimab, kowane mako uku. A cikin waɗannan watanni, busasshen tari da haki in an taka ƴar tazara na iya zama karmustin ne ya taɓa huhu. A nan kowa tarin fuka zai fara zato, ya kamata kuma a gwada shi, amma a nuna wa likita takardar da ta ce an sha karmustin, domin wannan kortizon yake so, da wuri.

Rigakafin yarinta duk ya goge, sai an sake daga farko. Ana farawa tsakanin wata uku zuwa shida da na ciwon huhu, sauran su biyo baya: tetanus, hanta B, shan inna na allura, da sanƙarau, wanda a yankinmu a yi ƙoƙari a same shi kafin rani ya kankama. Masu rai, wato na ƙyanda da na zazzaɓin shawara, ba a yin su sai bayan shekara biyu, kuma da izinin likita. Mai fatauci da ke ƙetara Ɗan Isa, ko mai niyyar Umra, ya nemi takardar likita da ta bayyana dalilin da ya sa ba a yi masa ta shawara ba, ya haɗa ta da fasfonsa, kada wani ya tsare shi a iyaka ya ce sai ya miƙo hannu.